'Yar Mai Hoto Da Rajistar Makulli

Ni akawu ne a sashen koyon aikin jarida na kwalejinmu, shekara ashirin da biyu ke nan. Teburina yana bakin ƙofar ofis. A bayana akwai kabad biyu na ƙarfe, a jikin bango kuma allon ƙusoshi inda makullai suke rataye. Duk kyamarar da za ta fita, duk fitila, duk makullin ɗakin tace bidiyo, sai sun bi ta hannuna, kuma sai na rubuta. Ɗalibai suna kirana Malam Rula a bayan idona, saboda ba na jan layi da hannu. Na san sunan, ban taɓa nuna na sani ba.

Ɗalibai da yawa sun wuce ta gaban teburin nan, galibinsu na manta fuskokinsu. Wadda zan ba da labarinta ban manta ba. 'Yan ajinsu Anti suke ce mata, domin ta girmi kowa, har da malamai biyu. Tana da shekara talatin da bakwai ta shigo, da 'ya'ya uku, mijinta direban babbar mota ne wanda sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Da safe tana aiki a wata maɗaba'a, da rana ta zo aji da tawada a gefen yatsunta.

Tarihinta a gutsure na same shi, yawanci lokacin da take tsaye tana jira in gama rubutu in miƙa mata makulli. Mahaifinta mai hoto ne, shagonsa yana kusa da tashar mota, da labule mai zanen matattakala wanda mutane suke tsayawa a gabansa. Tun tana 'yar shekara tara take yanka hotunan fasfo da almakashi, tana sha biyu ta iya gyara fitila ta yadda inuwa ba za ta faɗo bayan kunnen mutum ba. Ta ce mahaifin nata yakan karɓe hoton da mai shi ya riga ya yaba, ya yaga, ya ce a sake zama, don kawai ya hango tabo a gefen kwala. Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, shagon ya mutu, shi ma bai daɗe ba ya bi shi. Ita kuma ta shiga maɗaba'a, ta yi shekara goma sha shida tana tsara katin gayyata da kalanda da fosta.

Sau biyu ta nemi aiki a gidan talabijin na garin. Sau biyun an duba aikinta an yaba, sannan aka tambaye ta takardar makaranta. Abin da ya kawo ta wurinmu ke nan. Gidan talabijin ɗin yana da yarjejeniya da sashenmu: kowace shekara yana ɗaukar ɗalibi ɗaya, wanda ya fi kowa maki a aikin ƙarshe, muddin bai cika shekara arba'in ba. Anti za ta cika arba'in wata ɗaya bayan fitar sakamako. Ta lissafa wannan tun kafin ta cike takardar shiga. Kujera ɗaya ce, kuma a gare ta shekarar ma ɗaya ce.

Aikin ƙarshe na shekarar shi ne bidiyon waƙa na minti huɗu, da fosta, da hoton murfi, da ƙaramar takardar talla. Ana yi a rukuni na mutum huɗu, amma kowa zai rubuta nasa rahoton, ya auna aikin da kansa: me ya yi, me ya lalace, me masu kallo suka ce, yaya suka yi aiki tare. Maki na kowa daban ne. Ƙuri'a ta haɗa Anti da wata yarinya mai son kwalliya, da wani dogon saurayi da ba a cika ganinsa ba, da wanda ake kira Darakta. Shi wannan tun a shekarar farko yake yawo da tabarau a goshi, yana haɗa yatsu huɗu yana leƙa mutane ta tsakiya. Yana da baki. In yana magana a aji, har ni da ke ofis nakan ɗaga kai.

Da aka ce su fitar da shugaba, yarinyar ta ce Anti. Anti ta ƙi. Ta ce safiyarta ta maɗaba'a ce, kuma ta ga yaron ya ƙwallafa rai, a bar shi ya yi, ita aikin ne a gabanta. Haka aka kawo mini takarda da sunan Darakta, na saka a fayil.

Dole in yi bayanin rajistata a nan. Shekara tara kafin wannan, wata kyamara ta ɓace a hannun wani rukuni. Mutum huɗu, kowa yana nuna ɗan'uwansa, aka yi wata uku ana zama ba a kama kowa ba. Bayan nan na zauna na tsara sabuwar rajista mai layi biyar: kwanan wata, abin da aka ɗauka, lokacin fita, lokacin dawowa, sunan shugaban rukuni. Ko wa ya zo karɓa, sunan shugaba nake rubutawa, don in abu ya ɓace a san wuyan da za a kama. Shugaban Sashe ya yaba har a gaban taro. Tun daga lokacin ko murfin batir bai ɓace ba, kuma ina alfahari da haka.

Ranar da Anti ta fara zuwa ɗaukar kyamara, ta ga na rubuta sunan Darakta. Ta karkato da kai tana duba shafin.

"Malam, ni ba inda zan sa hannu?"

"Babu layinki," na ce. "Shugaba ake rubutawa."

"Ko a gefe?"

Na gaya mata ba a rubutu a gefen rajistata. Ta yi dariya, ta ce an gaya mata, ta ɗauki jakar ta fita.

Mawaƙin da suka samu ƙanin mijinta ne, mai walda, wanda yake da murya da wata waƙa da ya yi wa hannun ma'aikaci. A shagonsa suka ɗauki bidiyon. Shi yake rako ta ɗaukar kaya saboda ƙafar kyamarar tana da nauyi, kuma bai taɓa shigowa ofis ya fita ba a yi faɗa ba. Wata rana ya ce in zama shaida, in waƙar nan ta fito ya shahara, matar yayansa ba ta isa ta sake aikensa cefane ba. Ta ce da wane hancin zai shahara, sai da ta ja kyamara baya sau uku kafin hancin ya shiga hoto. Ya ce hancin gidan da ta yi aure ne, in ba ta so ta tattara kayanta. Ni dai na ce su ƙirga batir a gabana kafin su tafi.

Mako goma sha ɗaya aka yi ana aikin. A cikinsu rukunin ya ɗauki kaya ko makulli sau arba'in da uku. Darakta ya zo da kansa sau biyu, ɗaya daga ciki don ya ɗauki hoton kansa riƙe da kyamara. Sauran arba'in da ɗayan Anti ce. Ƙarfe ɗaya take zuwa, ta shiga ɗakin tace bidiyo, ba ta fitowa sai na ƙwanƙwasa mata ƙarfe huɗu saura minti biyar. Malamin da ke kula da rukunin ya tafi wani kwas, sau biyu ya gan su a zangon duka.

Wata rana da na je rufe ɗakin ta ce in tsaya in ga wani abu. Ta nuna mini inda ƙanin mijin nata yake waƙa yana walda. Ta ce ranar farko hasken waldar ya wanke hoton fari fat, ba a ganin komai. Sai ta cire baƙin gilashin da ke jikin abin kare fuskarsa, ta riƙe shi da hannu a gaban kyamara. Abin da ya fito ban taɓa ganin irinsa a aikin ɗalibi ba: tartsatsi yana zuba a hankali kamar ana sheƙa hatsi, fuskar mutumin tana fitowa daga duhu tana komawa. Na ce ya yi kyau. Ta ce ya yi kore da yawa, kuma hannunta ya yi rawa a ƙarshe, in lura da gefen hagu. Na lura, ban ga komai ba.

Ranar miƙa rahoto, ni nake karɓa, in buga hatimi, in ƙirga shafuka. Ba aikina ba ne in karanta, amma ido ba ya ƙirga shafi bai ga rubutu ba. Na Darakta shafi bakwai ne. Na Anti goma sha tara.

Ta rubuta cewa a minti na biyu da daƙiƙa goma sha huɗu bakin mawaƙin ya riga muryarsa, ta gyara amma bai zauna daidai ba. Ta rubuta cewa rigar da ke hoton murfi ba ita ce ta cikin bidiyo ba, domin tartsatsi ya ƙona ta farko a rana ta biyu kuma ba ta yi tanadin irinta ba. Ta rubuta cewa ta manna fostar farko a tashar mota, ta tsayar da mutum talatin daga tsallaken titi, goma sha ɗaya ba su iya karanta sunan mawaƙin ba saboda haruffan sun yi siriri. Ta sake ta da masu kauri, amma da aka buga, launin ya fi na kwamfuta duhu. Gilashin waldar ma a ƙarƙashin kurakurai ta sa shi, ta ce dabarar dole ce, da ta gwada hasken kwana ɗaya kafin ɗauka da ba a kai ga haka ba. A shafi na goma sha bakwai, inda aka tambayi yadda rukuni ya yi aiki, layi biyu ta rubuta: kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ta ƙaru da zama da matasa.

Na ce mata, "Anti, kin tona wa kanki asiri, kin rufa na wasu."

Ta ce takardar ce ta tambayi abin da ya lalace. Su kuma yaran, sa'o'in ƙannenta ne, ba za ta rubuta sunan ɗan wani a takardar da za a ajiye a kabad ta ce bai yi aiki ba. Malamai ai suna da ido, in ji ta.

A rahoton Darakta babu abin da ya lalace. Ya rubuta cewa shi ya hango bidiyon gaba ɗaya tun kafin a kunna kyamara. Gilashin waldar ya ba shi shafi guda, ya ce da gangan ya zaɓi koren domin ya nuna fatan ma'aikaci a cikin duhun rayuwa. Na buga masa hatimi kamar na kowa.

Ranar kare aiki akwai malamin da aka gayyato daga wata makaranta, wanda makinsa ne yake yanke hukunci, da Shugaban Sashe, da malamin rukunin. Ni ina gefe da fayiloli. Rukuni goma sha biyu ne, kuma malamin waje ya faɗa tun da safe cewa ƙarfe huɗu zai kama hanya. Da aka kunna bidiyon su Anti, ya ce a maimaita wurin tartsatsin. Aka maimaita. Ya cire tabaransa ya tambayi wane ne ya yi wannan.

Darakta ya miƙe ya yi magana ta kusan minti uku. Da ya zauna, Anti ta ɗaga hannu kamar 'yar firamare.

"Ranka ya daɗe, ni na riƙe gilashin. Ni kuma na tace."

Malamin ya buɗe rahotonta, ya ce to ga shi ita ta sa wurin a cikin kurakurai. Ta yaya mai dabara zai kira dabararsa kuskure? Ta fara bayanin gwajin haske da rawar hannu. Bayanin gaskiya ne, amma a hankali take yinsa, tana neman kalma, shi kuwa yana duba agogo. Ya juya ga sauran biyun. Dogon ya kafa wa takalminsa ido. Yarinyar ta ce duk tare suka yi. Malamin ya ce ai abin da Anti ma ta rubuta ke nan a shafi na goma sha bakwai.

Sai Shugaban Sashe ya ce abin ba na gardama ba ne, sashen nan yana da rajistar da babu irinta a kwalejin. Ya ce in kawo.

Tsakanin ɗakin taron da teburina taku talatin ne. Na san abin da ke cikin littafin tun kafin in ɗauko shi. Na ajiye a gabansu, malamin ya bi layi na biyar da bakin biro, shafi bayan shafi. Sunan Darakta sau arba'in da uku, da rubutuna, ba gogewa ko ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sunan shugaba ake sawa. Amma ita take zuwa. Sau arba'in da ɗaya."

"Wato abin da ka rubuta ba haka yake ba?"

"Na rubuta abin da layin ya tambaya."

"Akwai wata takarda mai sunanta?"

Babu. Na faɗa masa babu. Shugaban Sashe ya yi murmushi, ya ce wa baƙon wannan akawun shi ne mutumin da ya shekara ashirin yana hana su karɓar maganar baki, yau kuma ga shi ya zo da tasa. Aka yi 'yar dariya. Darakta yana goge tabarau da gefen riga. Anti ba ta kalli kowa ba sai rajistar. Aka kira rukuni na gaba.

Washegari na rubuta wa Shugaban Sashe takarda, na ba da shawara a zaunar da su biyun a gaban kwamfuta, a ba kowa minti goma ya buɗe aikin ya nuna yadda aka haɗa shi. Na yi kwafi biyu, na ajiye ɗaya. Bayan kwana shida amsa ta dawo a rubuce a ƙasan takardar tawa: an riga an tura maki. Darakta saba'in da takwas, Anti sittin da huɗu. A gefen nata malamin waje ya rubuta cewa tana da idon gane kuskure, amma ba ta nuna jagoranci ba. Ni na shigar da makin a babban littafi.

Ta zo karɓar takardar sakamakonta ranar wata Talata. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi iyali, ta sa hannu. A wannan littafin akwai layinta. Na fara cewa wani abu, ta ce kada in damu, ta ga na yi magana. Ƙanin mijinta yana jiranta a waje a kan babur, bai shigo ba, bai kuma ɗaga mini hannu ba.

Darakta ya kama aiki a gidan talabijin. Na ji daga bakin yarinyar rukuninsu cewa a watansa na biyu ya kira Anti a waya yana tambayar yadda ake daidaita baki da murya, kuma ta gaya masa.

Da sabon zango ya zo, Shugaban Sashe ya kira ni ya ce malamai sun duba tsofaffin rahotanni suna neman wanda za a ba sababbin ɗalibai su yi koyi, kuma babu kamar mai shafi goma sha tara ɗin nan. Ya ce in yi kwafi sittin, amma in rufe sunan, don ƙa'ida ba ta yarda a raba aikin ɗalibi da sunansa ba. Na yanko 'yar farar takarda, tsawon santimita bakwai, na manna a kai. Har yau shi ake rabawa.

A makon nan ne na zauna na ja wa rajistata layi na shida: wanda ya karɓa da hannunsa. Ban nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ni. Akwai maɗaba'a a bakin ƙofar kwaleji, amma na shiga mota na tafi ta su Anti, can bayan kasuwa. Na same ta a ɗan lungu tsakanin injin yanka takarda da bango, tana tsara kalandar wani shagon taya. Ta ture kwalin da ke kan kujera ta ce in zauna.

Na miƙa mata takardar da na ja layukan a kai, na ce littafi biyu nake so, shafi ɗari-ɗari. Ta ƙirga layukan da ɗan yatsa, ta tsaya a kan na ƙarshe.

"Da rula ka ja, Malam?"

Na ce da rula.

"Ya miƙe kam." Ta ɗora takardar kusa da kwamfuta. "Amma ka matse shi da yawa. Wasu sunansu dogo ne."

Ta rage layin kwanan wata, ta ƙara wa na shida faɗi, ta juyo da allon don in gani. Na ce ya yi. Ta ce in dawo ranar Alhamis, in ba ta nan in tambayi mai injin, zai ba ni. Sannan ta mayar da kalandar mai taya kan allon, ta ci gaba daga watan da ta tsaya.